Kafiretar Bashmuhandis Mukhtar

Daga Sinnar har Dinder, in ana jera mutanen da Allah ya ba su sanin ƙarfe, da Mukhtar ake farawa. Shi da kansa ya tsara jerin, don haka babu kuskure a ciki. Shekara biyu ya yi a wani gareji a Jidda, ya dawo da laƙabin Bashmuhandis, wato babban injiniya. Mahassada na cewa shayi yake dafa wa makanikai a can. To, ko da haka ne, ai dab da inji yake dafawa.

Ya dawo ƙauyenmu da abin da ba mu taɓa gani ba: mashin mai ƙafa huɗu, ja wur, kowace taya kamar turmi. Ya kuma dawo a kan gaɓa, domin Baba Abdulmuttalib, wanda ya shekara ashirin yana samad, ya ce gwiwoyinsa sun gaji. Samad shi ne manomin da ake zaɓa ya riƙa bin bakin tur'a, magudanar da ke kawo mana ruwa daga madatsar Makwar, yana tabbatar da kowace gona ta sami rabonta. Mukhtar na son muƙamin nan kamar ransa. A gidansa ma har an fara kiransa da shi, bisa umarni.

"Ya jama'a," in ji shi bayan sallar Juma'a, ƙafa ɗaya a kan taya, "zamanin jan ƙafa ya wuce, khalas, shi ke nan. Wanga inji, in na hau shi, kafin ruwa shi kai gona ta ukku ni na kai ta goma. Ilimi munka kawo muku, ba surutu ba."

Dattawa suka ce madalla. Asabar ta sama ranar sakin ruwa ce, sai ya zo ya nuna.

Matsala ɗaya ce, ƙarama, wadda bai ga dalilin damun jama'a da ita ba. Mashin ɗin in ya hau kwalta ya ɗau wuta, gudu yake kamar an koro shi. Amma a ce ya tashi daga tsaye, ko ya tafi a hankali, sai ya yi tari, ya yi ɓut-ɓut, ya mutu. Bakin tur'a kuwa siriri ne, ga laka, ba a bin sa sai a hankali.

Ran Litinin Bashmuhandis ya shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaro, inda duk mai zuwa kasuwa zai gan shi. Ya kwance kafireta ya zuba a farantin shayi. Ya murɗa ɗan sukurin da ke daidaita mai da iska zuwa gefe guda, mashin ya turnuƙe unguwa da baƙin hayaƙi, kaji suka yi ƙaura. Ran Talata ya murɗa shi zuwa ɗaya gefen, salansa ta shiga fas-fas, wata tsohuwa ta zubar da nononta. Ran Laraba ya gano mai laifi.

"Iska ce," ya bayyana wa 'yan kallo. "Injin ga ya saba da iskar Jidda. Iskarmu ta ƙauye ba ta da daraja."

Ran Alhamis Bilyamin, mai gyaran injin ban ruwa, ya biyo ta wurin da baƙin mai a hannunsa har gwiwa. Ya tarar da Bashmuhandis yana zuba fetur. Ba zubawar jahilai yake yi ba. Sai ya warware jelar farin rawaninsa, irin dogon nan na auduga da mazan ƙasar nan ke naɗawa, ya shimfiɗa a bakin tanki, ya tace man ta ciki. Wannan dabara tasa ce, bai koya a wurin kowa ba, kuma yana alfahari da ita. Tun da ya fara ta, mutane ke bar masa fili a sahun masallaci, dama da hagu. Shi a ganinsa girma ne ya zo.

Bilyamin ya tsaya ya yi kallo, sannan ya ce, "Yaya Mukhtar, ai ga cutar nan bisa kanka. Zaren rawanin ga shi ka bin banzin, shi toshe ƙaramar kafar da mai ka bi in inji na tafiya sannu. Babbar kafar lafiya lau take, shi ya sa shina gudu a titi. Ba ni kafiretar in hure maka ita yanzu-yanzu."

Mukhtar ya dube shi da tausayi. "Ya zol, mutumina, kai famfo ka sani. Wagga kafireta ba a hura mata iskar baki. Lissafi ta ka so."

Lissafin da ya yi kuwa shi ne ya ɗaga silo, wato ƙarfin inji in yana tsaye, sama, har mashin ya zama yana ihu ko ba a taɓa shi ba. Tun da ba ya mutuwa a tsaye, Bashmuhandis ya sanar cewa an gama gyara.

Ran Asabar aka saki ruwa. Da hantsi sai ga kururuwa: gefen tur'a ya ɓalle daidai gonar Sakina, albasarta kuma saura mako biyu a cire. Maza suka ruga da shebur. Duk lakar da suka zuba a ɓarakar, ruwa ya kwashe ta. Sakina na tsaye a ruwa har ƙauri tana salati, hankalin kowa ya tashi.

"Ku ba samad hanya!"

Bashmuhandis ne, rawani ya sha naɗi. Ya hau bakin tur'a a hankali cikin ƙasaita, mashin ya mutu. Ya tayar, ya mutu. A karo na uku ya ji wani ya yi dariya, kuma dariyar ta shige shi. Ya danna totur da babban yatsa har ƙarshe. Mai ya bi ta babbar kafa, kamar yadda mai famfo ya faɗa. Mashin ya zabura, ya watsa wa dattawa laka, ya wuce masu shebur, ya tafi kai tsaye ya zauna daram a cikin ɓarakar, a gicciye, kamar an auna. Mai shi kuwa ya ci gaba da tafiya shi kaɗai ta sama, ya sauka cikin albasa.

Ruwa ya rage gudu.

"Kada kowa shi taɓa shi!" in ji Baba Abdulmuttalib, ya manta da ciwon gwiwa. "Ku zubo laka! Ku kawo kara da buhu!"

Aka cusa kara tsakanin tayoyi, aka danna buhuna, aka yaɓe jan mashin tas, sai madubi ɗaya ke leƙe. Ruwa ya koma hanyarsa. Sakina ta rangaɗa guɗa, farin ciki har da hawaye.

Bashmuhandis ya fito daga gona yana ɗiga, ya gyara murya. "Kun gani? Tun daga nesa na auna faɗin wurin. Yanzu sai ku jawo min injina."

"Ma'alesh, yi haƙuri ɗana," in ji Baba Abdulmuttalib. "In munka cire shi, albasa ta tafi. Sai bayan an rufe ruwan bana."

A nan bakin tur'a, kafin kowa ya wanke ƙafa, dattawa suka ba Bilyamin muƙamin samad. Ba su manta da Mukhtar ba, sun yi masa godiya sosai. Sun ce mashin ɗinsa inji ne na ƙwarai mai son manoma, kuma ya nuna haka tun daga lokacin da mai shi ya faɗo daga kansa.