Istihara A Kan Ƙuri'a

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kai kaina gidan Alhaji Sahabi da lalle a ƙafa ba.

Lokacin ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a Shinkafi. Aurena ya mutu, shekaru sun fara ja, daga aji sai ɗaki. Ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kiɗa ya ɗauke, kowa ya koma walima. Abin da ke ɗebe mini kewa shi ne wani tsohon littafin Amurkawa da wata 'yar bautar ƙasa ta bari a ofishin malamai. Labarin wani talaka ne da ya rasa budurwarsa, ya je ya tara dukiya, ya dawo yana cika gidansa da baƙi ko Allah zai sa ta leƙo. Na karanta shi har bangon ya fita. (Da littafin nahawu na riƙe haka, da yanzu ni ce shugabar makaranta.)

Shi Sahabi mutumin Zurmi ne. Ina budurwa a Kaura ya taɓa zuwa zance wurina da keken aro, Baba ya ce ba shi da sana'a, magana ta mutu. Da aka ba mu jiha sai kwangila ta buɗe masa. Kwatsam ga shi ya gina gida a Shinkafi yana kallon gidajenmu na malamai, kuma duk Juma'a sai ya yi walima, har a aiko mana da shinkafa da nama.

To ku faɗa mini, me zan ɗauka?

Ban gaya wa kowa ba, amma na fara shafa mai a kan lokaci. Rannan ƙanwarsa Hajiya Kulu ta aiko wai Alhaji yana son ganina. Na sa lalle, na ciro atamfar da na ajiye ta Sallah, na yi ta maimaita amsata a gaban madubi don kada in nuna zumuɗi.

Na same shi a falo da Hajiya Kulu da matarsa. Ya yi ƙiba, furfura ta fito, ni dai keken nake gani. Ya gyara murya ya ce, "Malama, akwai buƙatar da na daɗe ina son kawo miki, ban san yadda za ki karɓe ta ba."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Alhaji, na gane tun tuni. Abin da ya wuce ya wuce. Ka ba ni lokaci in yi istihara, sannan ka tura wurin Kawu a Kaura, tunda Baba ya rasu."



"Istihara kuma?" in ji shi. "A kan ƙuri'a? Takarar ciyaman zan tsaya, an ce malamai mata suna jin maganarki." Ya juya ga ƙanwarsa. "Kulu, wanga Kawu na Kaura, ɗan jam'iyyarmu ne?"

Bai ma tuna ni ba. Ko kaɗan.

Da matarsa dariya ta yi, da na samu na ji haushi. Sai ta taso ta riƙe hannuna ta ce, "Sannu Malama, aikin koyarwa akwai gajiya." Ta rako ni har ƙofa, ta haɗa ni da kwanon tuwo. Na karɓa kuwa, don yunwa nake ji.

Kafin Litinin labari ya kai makaranta. Har na bar Shinkafi, in aka ce a zaɓi mai kula da ɗakin girki sai wata ta ce, "A jira Malama ta yi istihara."

Ranar zaɓe na bi layi cikin rana na dangwala masa, ya kuma faɗi. Tun daga nan, in namiji ya ce yana da buƙata, nakan kama bakina har sai ya kai aya.