Rijiyar da Kakana Bai Haƙa Ba

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da Nasara mai rubuta littafi ya sauka garinmu ba, can gefen Ollelewa. Ba kumandan mai mulki ba ne, ba kuma haraji ya kawo shi ba. Tarihin ƙasarmu ta Damargu yake tattarawa: wa ya sari gari, wa ya haƙa rijiya, daga ina mutane suka zo. Mushe muke ce masa, yadda ake kiran namiji da girmamawa a Faransanci.

A lokacin ina saurayi, na yi allo kaɗan, na kuma yi shekara biyu a lakwal, wato makarantar boko, ta Damagaram kafin a gane babu amfani a sallame ni. Amma a garinmu ni kaɗai ke jin Faransanci, don haka na zama tafinta. (Har tafiyata ta sake. Takalmi ma ban cirewa sai gaban mai gari.)

Kwana uku muna zaga tsofaffi. Kowa ya faɗi kakansa, Mushe ya rubuta. Wannan kakansa ya yi fatauci har Agadas, wancan kakansa ya kare gari ranar hari. Ni kuwa kakana Tanko tabarma yake saƙawa, Allah ya jiƙansa, kuma ba wanda ya ambace shi. Abin ya tsaya mini a rai. Da muka je bakin tsohuwar rijiyarmu, Mushe ya leƙa, ya ja da baya, ya tambaye ni wa ya haƙa wannan. Kowa a garin ya san Mele ne, kakan Baba Kyari, ɗaya daga cikin dattawan garin. Na duba hagu da dama, na ce, “Kakana ne. Tanko.”

Ya rubuta. Har ya tambaye ni yadda ake rubuta sunan, na gyara masa.

Abin da ban lissafa ba shi ne, Mushe mutum ne mai son tabbatarwa. Ranar da zai tafi ya tara dattawa ƙofar mai gari, yana karanto sunayen da ya rubuta ɗaya bayan ɗaya. Sunaye ba su bukatar tafinta. Ya nuna wajen rijiya da alƙalami, ya ce, “Tanko.”

Dattawa suka juyo suna kallona. Na jira Baba Kyari ya tashi da faɗa. Sai tsohon ya shafa gemu, ya yi murmushi.

“Alhamdu lillahi,” in ji shi. “Shekara da shekaru nake shiga yasar rijiyar nan, gwiwata ta gaji. Ashe da mai ita a gari. Ɗana, me ya sa ba ka faɗa da wuri ba?”

To, ga al'adar garinmu: duk shekara kafin ruwa ya sauka ana yashe rijiya, kuma jinin wanda ya haƙa ta shi ke fara shiga. Rijiyar Damargu kuwa ba irin ta kudu ba ce. In ka saki dutse, sai ka yi salati ka gama kafin ka ji ƙararsa. Ni kuma ko rumbu na hau, kaina juyawa yake.

Mai gari ya ce ai gara a yi yau, baƙo ya gani da idonsa. Na fassara wa Mushe da muryar da ba tawa ba. Murna kamar ya yi rawa.

Aka kawo takarkarin da ke jan igiya. Baba Kyari da kansa ya ɗaura mini ita a ƙugu, yana cewa, “Kada ka damu, ɗan lakwal, in ka isa ƙasa ka gaishe mini da aikin kakanka.” Mata sun ajiye tuluna sun kewaye mu. Aka fara zura ni.

Gaba biyar na daure. Gaba goma, bakin rijiya ya koma kamar faifai, sanyi ya kama ƙafafuna, wani abu mai fiffike ya shafi kunnena. Nan ilimin lakwal ya ƙare.

“Ku jawo ni! Wayyo inna! Mele ne! Wallahi Mele ne ya haƙa! Kakana tabarma yake saƙa!”

Rijiya kuwa ba ta riƙe asiri. Ta ɗauki muryata ta ninka, ta watsa wa gari. An ce har masu kiwo a bayan gari sun ji zancen tabarma.

Da aka fito da ni, wandona jiƙe (ban kai ga ruwa ba, a bar zancen nan), mutane na riƙe da ciki don dariya. Mushe ya matso da takardarsa, ya tambaye ni me nake ta faɗa a ciki.

Nan ne na yi kuskuren da ya fi na farko. Baba Kyari na tsaye gabana, yana jiran in gyara sunan mai rijiya a takardar. Na ce wa Mushe kirarin kakanni ne, wanda jikan mai rijiya ke yi in ya shiga. Ya rubuta, ya hau raƙumi, ya tafi.

Bayan shekaru, wani malamin lakwal ya zo da littafin, ya buɗe mini wurin. Ga Tanko a matsayin mai rijiya, ga bayanin kirarina, har an ce jama'a kan amsa shi da farin ciki. Malamin ya ce masu ilimi na kafa hujja da littafin. Baba Kyari ya riga ya rasu, yana zaton na gyara.

Shi ya sa na rubuta wannan da ɗan karatuna. Mele ne ya haƙa rijiyar, jikokinsa ke yashe ta har yau. In kuma kun ga tarihin wani gari a littafi, ku girmama shi, amma ku tambaya wane ne tafinta, kuma me kakansa yake saƙawa.