Rasuwar Tayar Gaba ta Motar Malam Maiwada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu a ƙarƙashinsa wanda ya fi kama da garwashi, Malam Maiwada Sanusi, dillalin albasa a Aliero, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tayar gaba ta hannun dama ta motarsa. Ta cika ranar Asabar da hantsi a kan titin Jega zuwa Maiyama, tana bakin aikinta.

Marigayiya ta shigo gidan nan tana sabuwa dal, da 'yan gashin roba a jikinta. Tun daga ranar ba ta taɓa ba mai gidanta kunya ba. Ta san ramukan hanyar Jiga Birni ɗaya bayan ɗaya, ta shiga laka da damina ta fito, ta ɗauki buhunan albasa da ba don su aka yi ta ba, ba ta ce uffan ba. Idan ta hau kwalta muryarta a ƙasa take, shuuu, kamar mai lallashin jariri. A kan tsakuwa ne kawai takan ɗaga murya, ƙurus-ƙurus, shi ma da ladabi.

Ciwon ajalinta ƙusa ce, 'yar siririya, irin wadda mai faci ke cirewa yana hira. Kuma marigayiya ba ta ɓoye ciwonta ba. Motar tana da wata 'yar na'ura a jikin bawul ɗin kowace taya, wato bakin da ake hura mata iska, mai auna iskar. Da zarar iska ta ragu sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, tare da ƙara, tin-tin-tin. Maiwada ya san haƙƙin wannan fitila. In ta kama yakan tsaya wurin mai faci, a duba, a cika kowace taya daidai awonta. Bayan nan ne yake danna wani maɓalli da ke ƙarƙashin sitiyari, ya riƙe har fitilar ta ƙifta ta mutu, don motar ta haddace cewa wannan ce iskar lafiya. Iska tukuna, maɓalli daga baya.

Sai Nuraddeen, ƙanen matarsa Ramatu, mutum mai mata da 'ya'ya da gemu, ya ari motar zuwa ɗaurin auren abokinsa a Jega. A hanya fitila ta kama. Ya wuce masu faci a jere a bakin titi, kowanne da injinsa yana jira, bai tsaya ba, don kada baƙin mai ya taɓa masa shadda. Ya laluba ƙarƙashin sitiyari ya danne maɓallin har fitilar ta yi shiru. Da wannan yatsa ya koya wa motar cewa rashin lafiya ita ce lafiya. Ya dawo da ita a wanke, yana ta fara'a, bai ko ambaci fitilar ba.

Ranar Asabar Maiwada ya ɗauki mahaifiyarsa Inna Tasalla da Ramatu, za su Maiyama sunan ɗan farin 'yarsa Fadila. Inna ta kwana biyu tana shirin ɗaukar tattaɓa-kunnenta. Maiwada ya duba gaban mota, babu fitila, ya kama hanya. Rana ta buɗe, kwalta ta yi zafi, marigayiya tana tafiya da rabin iska a cikinta ba mai jin kukanta. Bayan sun bar Jega ta yi maganarta ta ƙarshe, faf-faf-faf, sannan bam.

Mota ta fizge ta nufi wata babbar mota da ke tahowa. Maiwada ya rungume sitiyari da ƙirjinsa yana salati, har Allah Ya sa suka gangara cikin wata gona suka tsaya. Masa da miya suka watse a kujeru. Da ya waiwaya sai ya ga goshin Inna ya tsage, jini yana bin fuskarta, ita kuwa tana tambayar ko kayan jaririn ba su ɓaci ba. A asibiti aka yi mata ɗinki. Ba ta ga suna ba, a waya ta ji kukan yaron.

Kashegari jama'a suka cika ƙofar gida jaje. Nuraddeen ya zo ya zauna kusa da Maiwada, ya girgiza kai.

"Yaya, abin nan da mamaki shike. Ni da hannuna na gyara maka hitilar nan ranar biki. Ba ta ƙara kamawa ba, ko?"

Maiwada ya ajiye kofin da ke hannunsa a hankali.

"Iska hwa? Ka sa mata?"

"Wace iska, Yaya?"

Ramatu, da ke bayan ƙyaure tana miƙo ruwa, ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Nuraddeen ya lura da irin kallon da ake masa, ya nemi takalmansa.

Marigayiya ta rasu ta bar 'yan'uwa uku a ƙarƙashin mota, duk an auna su an same su lafiya. Ta bar safaya, wadda aka fiddo daga but ɗin motar ta tsaya a gurbinta, ramammiya, ba ta saba da rana ba. 'Yar na'urar da ta yi ƙoƙarin faɗin gaskiya ta ɓace a gonar, an nema ba a gani ba.

Ana sanar da masu zuwa ban haƙuri su huta. Ramatu ta roƙa, liman ya roƙa. Inna da kanta, da filasta a goshi, ta ce, "Maiwada, ka yahe mishi, tun da da sauran kwananmu." Ya ce ya ji, a Lahira ba zai bi shi komai ba, amma nan duniya ce. Nuraddeen ya aiko zai sayi sabuwa, an mayar da ɗan aiken. Makullin motar kuwa ya yi bankwana da hannunsa, ko kujerar baya ba zai ƙara gani ba.

Gawa tana jingine a ƙofar gidan Malam Maiwada a Aliero ga mai son ganin abin da yatsa ɗaya ya aikata. Za a ɗauke ta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da titi ya fi cika. Nuraddeen ne zai gara ta da hannunsa, cikin shaddar tasa, har rumfar Maccido mai yankan roba a kasuwa. Daga abin da ya saura na jikinta za a yanka masa takalma, masu kauri, daidai ƙafarsa, domin tafiyar ƙasa ce a gabansa mai tsawo. Ramatu ta riga ta kawo awon.

Allah Ya mayar da alheri.