Hular da Ta Sha Mini Magani

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da hulata ta tona mini asiri a Maiyama, gaban surukaina kaf.

Ni ɗan kasuwar albasa ne a Aliero. Da likita ya ce ina da hawan jini, matata Luba ta ɗauki abin da zafi, domin a gabanta mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki har ya rasu. Kullum da safe sai ta tare ni a ƙofa da ƙwaya ɗaya da kofin ruwa. Matsalar ita ce ƙwayar nan tana sa ni fitsari ba ƙaƙƙautawa. Ka yi tunanin dattijo kamata a motar haya tsakanin Aliero da Jega, yana roƙon direba ya tsaya sau uku, mata na kallo. Ga alwala ba ta zama.

Sai na samo dabara. Akwai inda ɗinkin shafin hulata ya warware. In karɓi ƙwaya, in kurɓi ruwa, in yi kamar ina gyara hula, in cusa ta ciki. (Ban yar ba, ai almubazzaranci ne. Wai da yamma zan sha. Yammar ba ta taɓa zuwa ba.) Na kuma lallashi kaina cewa mai cin ɗanyar albasa kullum ya fi ƙarfin hawan jini.

Wajen wata biyu ina wannan wayo, sai aka gayyace mu ɗaurin auren ɗan yayan Luba a Maiyama. Muna zaune bisa tabarmi, rana ta take, liman na addu'a, sai na ji duniya ta yi laushi. Muryoyi suka koma nesa kamar daga ƙasan rijiya. Na ga gonakin albasa na Jiga Birni kore shar suna lilo, ruwa na bin kwalbatai a hankali, ga mahaifina can ƙarshen gona da fartanya yana yafito ni. Wallahi daɗi na ji. Har na fara tafiya wurinsa, ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

"Alhaji ya hwaɗi! Ku ba shi iska!"

Sani ne, ƙanen Luba, abokin wasana. Bai sami mafici ba, sai ya fizge hulata ya shiga yi mini fifita da ƙarfinsa. Ina buɗe ido na ga fararen abubuwa suna zubo mini a fuska. Na ɗauka ƙanƙara ce ake yi a mafarkin.

Sani ya tsinci ɗaya, ya juya ta, ya girgiza hular, wasu suka ƙara zubowa.

"Ashe hulla ad da hawan jini, Alhaji, ba kai ba?"

Har liman sai da ya rufe baki da rawani. Ni kuwa na mayar da idona na rufe, ina fatan suman ya dawo. Bai dawo ba.

Daga nan asibiti aka kai ni, ma'aikaciyar jinya ta auna ni ta riƙe baki. Sani kuma ya ƙulle ƙwayoyin a hankici ya kai wa yayarsa cikin gida.

Na shirya wa faɗa, amma Luba ba ta yi ba. Da muka koma gida ta ajiye ƙullin gabana, idonta ya cika da hawaye, ta ce, "Alhaji, in ka tahi, wa zan yi ma takaba? Kai ko hulla?"

Wannan ya fi dariyar Maiyama zafi, na kasa ɗaga kai.

Da na gaya wa likita gaskiya, cewa ya yi da na faɗa tun farko, ai akwai wani irin da zai fi mini sauƙi, ya canza mini. Yanzu kullum kai ba hula nake shan magani, in buɗe baki Luba ta duba. Na gane gara in tsayar da mota sau uku a hanyar Jega da a ɗauke ni sau ɗaya a makara.