'Yar Wayar Kunne a Zaman Makoki

Lokacin da nake koyarwa a Dutsin-Ma, cikin shekarun tamanin, kullum sai mun yi gardama da Mista Yusufu, akawun makarantarmu. Shi yana sauraren rediyo da babban abin nan mai rufe kunnuwa kamar marfin kwano, ni kuwa 'yar waya gare ni, kanta bai fi ƙwayar gujiya ba.

"Malam, nawa kowa ya gani ya san ba na jin shi," in ji shi.

Na ce ai nan tawa ta fi, ba mai ganinta.

Ranar sadakar ukun kakar matata a Kurfi ta faɗo daidai da wasan ƙarshe na ƙungiyar ƙwallon da nake goyon baya. Na jefa rediyo aljihu, na zaro wayar ta wuyan riga na cusa a kunne, na zauna cikin surukaina na rafka tagumi a kan kunnen. Har wani dattijo ya dafa ni ya ce in yi haƙuri.

Liman ya ɗaga hannu yana roƙon Allah ya sa ta shiga Aljanna. Daidai nan ɗan wasanmu ya buga, ƙwallo ta daki ƙarfe. Na bugi cinya na ce da ƙarfi, "Kai, ba ta shiga ba."

Ko amin ɗaya ban ji ba. Surukina ya juyo a hankali, ya bi wayar da ido har aljihuna.

Yau jikoki gare ni, amma ko allura nake zura wa zare, sai matata ta leƙo ta ce, "Malam, ta shiga kuwa?"