Rasuwar Uwar Ɗaki, Kyamarar Yayata

Ku gafarce ni tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta wani abu don idon wani ba, aikina dai karanta abin da wasu suka rubuta, kuma ko yanzu har na yaga takarda biyu. Ni ce auta a gidanmu, ba ni ya kamata in fitar da sanarwa ba. Amma na jira mako shida, ba wanda ya fitar.

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa zama a kan farar kujerar shagon hotonmu aka ce masa ya ɗago haɓa, rasuwar kyamarar yayata, wadda muka fi sani da Uwar Ɗaki. Ta rasu ranar Talata da rana tsaka, a hannun mai ita, tana da wata goma sha ɗaya a wurinmu.

Marigayiya baƙa ce wuluk, mai nauyi, irin ta ƙwararru. Baba ne ya raɗa mata sunan don tsokana. Ya ce tun da ta shigo gidan nan Yaya ke goge ta kafin ta wanke fuskarta, to wannan ai ba kayan aiki ba ce, uwar ɗaki ce. Ba ta da yawan magana. In an tashe ta sai ta ce "tiit" a hankali, in ta kama fuska ta ce "ƙyas", shi ke nan. Ba ta taɓa kunyata baƙar fata ba, ba ta mayar da mutum toka-toka kamar tsohuwar da muke da ita. Yaran da ba sa zama wuri ɗaya ma takan cafke su suna tsakiyar tsalle. Har matar mai shagon takalma, wadda ta ce duk hoton duniya ƙara mata shekara goma yake yi, ta karɓi nata ta duba, sannan ta ce a wanko mata uku.

Waɗannan su ne halayenta na gari, kuma gaskiya ne. Sai dai marigayiya da ciwonta ta zo. Ciwon na gado ne, duk danginta suna da shi, masu sana'ar kuma sun sani. A shagonmu mutum ɗaya ce ta sani.

Lokacin da Yaya ke shawarar saye, mako biyu ta yi tana kai-komo. Yaya ba ta da haƙurin karatu, ta ce rubutu in ya wuce layi uku kanta ciwo yake yi. Sai ta miƙo mini wayarta ta ce, "Auta, ke da ba ki da aiki sai cinye littafi, karanta mini abin da masu hoto suka rubuta a kanta. Kar ki rage komai." Tana yankan hotunan fasfo, ni ina kan benci ina karantowa. Na karanta mata yabon idon kyamarar, da saurinta, da yadda take gani a wuri mai duhu. Almakashin ya tsaya a hannunta. Rabon da in ga fuskar Yaya haka tun muna yara.

Sai na iso wani sakin layi da ya fara da "Amma fa". Na ga kalmar zafi, na ga kalmar sandarewa.

A nan dole in faɗi wani hali nawa da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni mai tsallake shafi ce. In ina karanta labari na ji alamar wani zai mutu, sai in kama shafi biyar ko shida in juye su gaba ɗaya, in ci gaba daga inda an riga an share hawaye. Littattafan da ke ƙarƙashin gadona duk na san farkonsu da ƙarshensu, amma akwai wuraren da idona bai taɓa sauka ba. Ranar ma abin da babban yatsana ya yi ke nan. Ya ture rubutun sama. Mutum huɗu na karanta mata, huɗun duk suna da "amma", huɗun duk na ture.

Yaya ta ce, "Ba wani aibu?"

Na ce, "Sun ce tana da nauyi."

Ta yi dariya ta ce, "Ni ma ai ina da shi." Washegari ta sayo ta.

Ga yadda jinyar ƙarshe ta kasance. Babanmu, Allah ya jiƙansa, mai gyaran agogo ne, kuma bai yarda da hoto ba. 'Yarsa mai hoto, amma in ta ɗaga kyamara sai ya kare fuska da jarida ya ce, "Je ki nemi masu kyau." Ban da ɗan ƙaramin da ke jikin katin shaidarsa, wanda hatimi ya cinye rabinsa, ba mu da hotonsa ko ɗaya. Ranar Talatar nan za a kwantar da shi asibiti don a yi masa aiki. Mota na jira a ƙofar shago, Mama na riƙe da jakarsa, sai kawai ya tsaya ya ce, "Ina Uwar Ɗakin nan? Ta zo ta yi abin da take so."

Yaya shigowarta ke nan daga bikin yaye ɗalibai. Tun safe take ɗauka a cikin rana, jikin marigayiya har ƙona tafin hannu yake yi. Ta sa sabon katin ajiyar hotuna da sauri, ta ɗauki hoton kujerar ba kowa a kai don gwada haske, sannan Baba ya zauna. Mama ta gyara masa hula, ya ce ta bar shi ba ango ba ne, sai dariya ta ƙwace masa. Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Sau bakwai na ƙirga. Daga nan sai shiru. Allon ya sandare a kan fuskarsa, wata 'yar jar fitila ta kama ta ƙi mutuwa. Yaya ta danna nan ta danna can. Direba na ta matsa hon. Sai ta yi abin da kowa ke yi wa na'urar da ta ƙi ji: ta buɗe ƙasanta ta zare batir.

Ba ta ƙara cewa "tiit" ba.

Baba ya miƙe ya ce, "Bar ta ta huta. In na dawo kya ɗauka."

Kwana tara marigayiya ta yi a wurin mai gyara. Kafin a dawo mana da ita a leda, mun riga mun karɓi gaisuwar Baba.

Ta rasu ta bar batir biyu, da caja, da jaka mai igiyar da gumin wuyan Yaya ya dafar, da sandar ɗora ta mai ƙafa uku da ke tsaye a lungu ba abin da za ta ɗauka. Ta bar hoto ɗaya tak, wanda mai gyara ya iya cirowa daga katin: farar kujera, da labule a bayanta, ba kowa a kai. Ta kuma bar Yaya, wadda tun ranar take aiki da wayarta, take kuma cewa, "Hannuna ne. Lafiyarta ƙalau, ni na kashe ta da garaje." Na ji ta faɗa wa Mama, na ji ta faɗa wa mai gyara. Kowane karo ina zaune da littafi a cinya, ban ɗago ba.

Jiya mai sayar da kayan hoto ya aiko cewa ya samo wata, irinta sak, uwa ɗaya uba ɗaya. Yaya ta ce za ta je gobe da safe. Ta ce, "Tunda ke kin karanta kin ce ba ta da aibu, ba sai an sake wahala ba, ko Auta?" Na ce mata ina jin fitsari.

Na koma na nemo wurin da na tsallake. Yaya, ga shi, ban rage komai ba. Mutum na farko ya ce: amma fa in ta yi aiki mai tsawo cikin zafi takan sandare, ya faru da ni sau uku, wani abokina tasa ba ta sake tashi ba. In jar fitilar na kunne, tana kan zuba hotunan a kati ne, kada ka kuskura ka cire batir. Ajiye ta a inuwa ka jira minti biyar.

Minti biyar, Yaya. Direban zai iya jira. Ba hannunki ba ne, yatsana ne. Ko ki sayi 'yar'uwarta ko ki fasa, shawara taki ce, amma wannan karon da "amma" ɗinta za ki yanke.

Game da jana'iza: ba za a yi taro ba, kuma ba za mu ara mata addu'o'in da muka yi wa Baba ba, waɗancan nasa ne. Za a naɗe ta a tsumman da ake goge ta da shi, a mayar da ita kwalin da ta zo a ciki, a ɗora a saman kabad kusa da akwatin ƙananan sukurdirebobin Baba. Lokaci kuwa sai wanda mai ita ta sa. Masu son yin gaisuwa su yi wa Yaya. Ni ban cancanta ba.

Yanzu haka Yaya tana ɗakin ciki da wata mai fasfo, ina jin ta tana cewa, "Ɗago haɓa, kar ki motsa." Zan ɗora takardar nan a kan teburinta, in danne da marigayiya don kar fanka ta ɗauke. Takalmana suna hannuna. Ƙofar baya ba ta ƙara in an ɗaga ta kaɗan.