Farfesan Ƙaiƙayi da Kircin Ikhlas

"Duk ƙasar Faskari babu likitan da ya san fata kamar ni," in ji kawuna Salihu. Mai karatu, kada ka nemi takardar shaidarsa. Gadin wani kantin magani ya yi shekara biyu a Ƙanƙara, ya dawo ya naɗa wa kansa Farfesan Ƙaiƙayi.

Kirci ya cinye wuyan 'yarsa Ikhlas, mai shekara bakwai. Tana susa har jini, ta daina zuwa makaranta saboda tsokana. Uwarta Asma'u ta kai ta asibiti, aka ba su man sitiroyid: a shafa kaɗan, kwana bakwai, a dawo.

Kawu ya shinshina shi, ya wurga shi cikin masai.

"Man bilicin ne. So kike ki mai da mani ɗiya Baturiya, fatarta ta koma ledar burodi?"

Na ce, "Kawu, masu bilicin shekara suke yi suna laftawa. Wannan da awo aka ba da shi."

"Ke, jami'a ta lalata ki."

Ya kwaɓa nasa haɗin: baƙin man injin niƙa, kanwa, tafarnuwa da garin batir. Asma'u ta tare ƙofar ɗaki.

"Malam, sai dai ka fara da kanka."

Ya kuwa tara majalisarsa, ya lafta a fuska har sanƙo. "Zafin nan da nake ji, aiki ne," ya ce, yana hawaye. Kafin la'asar leɓɓansa sun tashi kamar alkubus, idanun sun rufe. Ya tsunduma kai a komin shanu, shanun suka ƙaurace wa ruwan.

A amalanke aka kai shi asibiti, Ikhlas na biye. Ma'aikaciyar jinya ta ba kowannensu man sitiroyid.

"Ba zai sa ni fari ba?" Kawu ya raɗa mata.

"Baba, ka fara samun fuska tukuna," in ji ma'aikaciyar.

Bayan mako guda muka koma. Wuyan Ikhlas ya yi lumui, har ta koma aji. Farfesa kuwa kwana biyu ya ƙarar da nasa, wai awo na jahilai ne.

Ma'aikaciyar ta tsallake hannunsa, ta miƙa wa Asma'u sabon kwalin man Kawu.

"Hajiya, an rubuta a ajiye inda hannun yara ba ya kaiwa. Ikhlas mai hankali ce, ba ita nake nufi ba."